Karayar Muƙamuƙi a Bakin Alƙalami

Likita zai iya ɗaure muƙamuƙin da ya karye da waya, ko ya kafa masa ƙarfe da kusoshi, amma aikin bai ƙare ba sai an mayar da raunin lamba. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, wanda aka amince da shi a 1990, karayar muƙamuƙin ƙasa ita ce S02.6, ta ƙashin kunci da muƙamuƙin sama kuma S02.4. Da waɗannan lambobi ake biyan kuɗin inshora, da su ake ƙirga raunuka a ƙasa baki ɗaya.

Amurka ta tsawaita zancen. Tun 1 ga Oktoba 2015 asibitocinta ke aiki da ICD-10-CM, inda kowane sashe na muƙamuƙi ke da lambarsa: kusurwa S02.65, tsakiyar haɓa S02.66, kan gaɓar da ke gaban kunne S02.61. Daga baya aka ƙara dama da hagu. A wannan kundi, karayar tsakiyar fuska ma ta ɗauki sunan René Le Fort, likitan Faransa da ya farfasa ƙoƙunan kan gawarwaki, ya fitar da rabe-rabensa uku a 1901.

Harafi na bakwai, wanda ke zuwa a ƙarshen lambar ICD-10-CM, shi ne ke ba masu sa lamba ciwon kai. A na nufin karaya a rufe da ake kan yi wa magani, B karaya a buɗe, D tana warkewa lafiya, G ta yi jinkiri, K ƙashin ya ƙi haɗuwa, S kuma larurar da ta biyo baya. Sababbin hannu sukan ɗauka A ta ranar farko ce kawai, alhali tana nan muddin ana aikin gyara.

Ga inda gizo ke saƙar. A wajen likitocin tiyatar baki, karayar da ta ratsa ramin haƙori a buɗe take, ko da fatar fuska ba ta tsage ba, domin yawu da ƙwayoyin cuta na isa ga ƙashin ta dasashi. Ƙa'idar Amurka kuwa ta ce idan likita bai rubuta "a buɗe" ko "a rufe" ba, a sa ta a rufe. Ma'aikacin adana bayanai ba shi da ikon yin hasashe. Sai ya koma ya tambaya. Likita mai gaggawa ya rubuta "muƙamuƙi ya karye" ya wuce, sai mummunan rauni ya shiga rajista a matsayin mai sauƙi.

Dalilin raunin ma yana da nasa lambobi, V20 zuwa V29 ga mahayin babur. Nazarce-nazarcen asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha nuna hatsarin hanya, musamman na acaɓa, a sahun gaba wajen karya muƙamuƙi. Idan ba a rubuta abin da ya faru a kati ba, wannan lissafi ba ya fitowa. ICD-11, da ya fara aiki a Janairun 2022, ya ƙara guraben bayani, kuma su ma likita ne zai cika su.