Ruwan Godiya: sunan gari ma labari ne

Mai karatu, don Allah ka tuno finafinan Hausa goma na ƙarshe da ka kalla, ka haɗa da littattafai goma da ka karanta. A guda nawa aka faɗa maka sunan ƙauyen da jaruma ta fito? "Ƙauye" kawai ake cewa. A nuna bukka biyu da akuya, a zizara wa yarinya kwalli har kunne, a ɗora mata ƙwaryar fura, shi ke nan an gama da karkara. Amma da zarar labari ya shigo birni sai ka ji ana jero Abuja da Dubai da Landan, har da sunan unguwa da lambar gida. Wato mai kuɗi ne ke da adireshi, talaka kuwa oho. Ƙorafina ke nan a wannan watan.

Zo mu je kudancin Jihar Katsina ka ga irin dukiyar da muke zubarwa. A ƙaramar hukumar Faskari, wadda ke maƙwabtaka da Ƙanƙara da Sabuwa, ga kuma iyakar Zamfara kusa, akwai gari mai suna Ruwan Godiya. Maimaita sunan a bakinka. Rabinsa na farko ya riga ya gaya maka abin da ke tsayar da mutane a wuri: manomi da makiyayi ba sa kafa gida sai inda za su sha, dabbobinsu su sha. Shi ya sa a Faskarin dai akwai Mairuwa, a Zamfara kuma ga Ruwan Ɗorawa da Ruwan Tofa, inda aka haɗa ruwan da itace ko ciyawa.

Rabi na biyun ya fi daɗi. In ka rubuta "godiya", ka kawo mutanen da suka sha wahala suka samu sauƙi, suka ɗaga hannu sama. In ka lanƙwasa harafi guda ka rubuta "goɗiya", ai ka kawo macen doki, ka kawo mahayi da mashaya. Labari biyu a suna ɗaya, kuma lanƙwasa ce kawai ta raba su. Yawancin jaridu da taswirorin Turanci ba ruwansu da lanƙwasa, shi ya sa Ƙanƙara ma ta zama "Kankara" a takarda. Marubucin da ke son gaskiyar suna dole ya ajiye taswira, ya je ya zauna gaban dattawan garin ya ji yadda suke furta shi. Mu nawa ne muka taɓa yin haka kafin mu fita lokeshin?

Ban da ruwa da itace, suna yana ɗauke da mulki. Hakimin Ƙanƙara sarautarsa Sarkin Pauwa, na Funtuwa kuma Sarkin Maska. Me ya sa ba a ce Sarkin Ƙanƙara ko Sarkin Funtuwa ba? Domin Pauwa da Maska tsofaffin garuruwa ne da iko ya taɓa zama a cikinsu. Funtuwa ta bunƙasa a zamanin Turawa da layin dogo da cinikin auduga, ta shige gaban Maska, amma rawani ya ƙi sakin tsohon suna. Haka abin yake a Nijar. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta sun yi arewa sun zauna a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa mai garin. An ƙwace birni, ba a iya ƙwace suna ba.

Wani lokacin kuwa sunan ma ɗauke shi ake yi. Abujar da jarumanmu ke tinƙaho da ita a fim aro ce. Da gwamnatin tarayya ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a 1976, sai ta ɗauki sunan tsohon garin da Abu Ja ya kafa, shi kuma garin ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ku masu kallon fim ɗin Indiya kuma kun san a 1995 aka mayar da Bombay ta zama Mumbai, amma Bollywood ba ta yar da harafinta na farko ba. Mu kanmu da aka raɗa mana Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, Kano aka sa a gaba. To in mun san darajar sunan gari a kan sana'armu, don me muke hana garuruwan mutane nasu a cikin labari?

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abubakar Imam ya ɗauki sunan wuri ya yi wa littafinsa take, Ruwan Bagaja, ya kuma ɗaure farkon labarin a Kwantagora, garin da kowa zai iya zuwa, kafin ya saki linzamin ƙirƙira. Abubakar Tafawa Ɓalewa a Shaihu Umar ya bi da mu ta Kagara da Kano har aka ƙetare hamada. Sunayen nan su suka sa mai karatu ya ji zafin cinikin bayi, don ya san hanyar ta gaske ce.

Na san abin da furodusa zai ce: "Malam, in na ambaci gari na gaske, gobe mutanen garin su ce na ci mutuncinsu." Gaskiya ne, kuma ƙirƙirar suna ba laifi ba ne. Tashar Arewa24 ta yi Jihar Alfawa a Kwana Casa'in don ta taɓo 'yan siyasa ba tare da ta nuna kowa da yatsa ba, ta kuma gina gari sukutum a Daɗin Kowa, har mai kallo ya saba da mutanensa kamar maƙwabta. Wannan aiki ne. Abin da nake suka shi ne lalaci, wato a bar wuri ba suna ba asali, kamar daga sama mutanensa suka faɗo.

Ga inda abin ya fi damuna. Tun daren 11 ga Disamba, 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta haddace sunan garin, amma da wace fuska? Faskari da Sabuwa da Ruwan Godiya ma mutane da yawa a labarin harin 'yan bindiga suka fara jin su. Yaron da aka haifa a Kano ko Jos, in ka ce masa Faskari, ba masara ko auduga zai tuno ba, ba ranar kasuwa ko kai amarya ba. Bindiga ta zama ita ke fassara sunan. In marubuci da darakta suka yi shiru, wannan fassarar ce za ta zauna, kuma 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira za su tashi suna jin nauyin faɗin garinsu.

Saboda haka, marubuciya, in kin zo littafinki na gaba, ki ba jarumarki gari, ki san me ake nomawa a can, wace rana kasuwarsu ke ci. Darakta, ka sa wani tsoho ya gaya wa jikansa dalilin sunan garinsu, minti biyu sun isa, sai ka rage su daga cikin rawa da waƙa. Kai kuma mai karatu, ka tambayi kakarka yau ma'anar sunan garinku, tun tana nan. In ka samo amsa, ka rubuto mana.