Asiri da kimiyya: sake karanta Robin Horton daga Gaya

A shekarar 1967 Robin Horton, ɗan Ingila wanda ya yi bincikensa cikin Kalabari na kudancin Nijeriya, ya fitar da wata doguwar maƙala kashi biyu a mujallar Africa, inda ya gwama tunanin gargajiya na Afirka da kimiyyar Turai. Masu karatu da Faransanci sun samu ra'ayoyin nasa cikin littafin La pensée métisse na 1990. A nan muna so mu auna maƙalar da abin da kowa ke iya gani a Gaya, domin a ganinmu kashinta na farko ya tsaya da ƙafarsa, na biyu kuwa yana ɗingishi.

Kafin Horton, maganar James Frazer ce ta fi yaɗuwa: tsafi kuskuren lissafi ne, matakin yarintar ɗan Adam, wanda addini ya gada, sannan kimiyya ta gaje su duka. Horton ya ƙi wannan. Ya ce mai faɗin iskoki da mai faɗin ƙwayar zarra aiki guda suke yi, wato bayyana abin da ido ke gani ta hanyar abin da ido ba ya gani, da neman dalili ɗaya a bayan al'amura masu yawa. Wanda ya ce iska ta taɓa yarinya bai tsaya ga zafin jikinta ba. Ya haɗa ciwon da gidansu, da kishi, da alkawarin da ba a cika ba. A nan ba mu da ja. Wannan kashi ya cire wa boka da ɗan bori rigar wauta da aka daɗe da sa musu.

Sai kashi na biyu, inda ya nemi bambancin. Ya aro kalmomi biyu daga Karl Popper, ya ce tunanin gargajiya rufaffe ne, na kimiyya buɗaɗɗe. Ma'anarsa, mutumin gargajiya bai san akwai wata hanyar bayani ban da tasa ba, don haka ba ya iya shakkarta. Ya jingina da aikin Evans-Pritchard na 1937 a kan Azande, masu duba ta hanyar ba ɗan tsako dafi: in duban ya ƙi, sai a ce dafin ne ya lalace, ko mai bayarwa ya keta wani hani, ko wani ya yi sammu. Ba a taɓa tuhumar duban kansa.

To, mu zo Gaya. Gari ne a bakin kogin Isa, Malanbil ta Benin na tsallake, Kamba ta Nijeriya na kusa. Dandawa, Kyangawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Yarabawa suna cin kasuwa ɗaya. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi da fizge-fizge tana da malamin da zai yi rubutun sha, da boka mai saiwa, da masu girka na Hausa, da zima na Zabarmawa, da mai tallar ƙwayoyi a faranti, da likita. Ta san su duka, ta san ba bakinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa takan bi uku cikin mako guda. Ina rufewar take? Ƙasar Dandi tsohuwar hanyar fatake ce tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ba jiya ta fara ganin baƙi da magungunansu ba. Duk da haka wannan yalwar zaɓi ba ta haifi kimiyya ba. Ke nan sanin cewa akwai wata hanya ba shi ne ginshiƙin bambancin ba.

Adalci ne mu faɗi cewa Horton da kansa ya ja da baya. A wata maƙala ta 1982 ya saki maganar buɗe da rufe, ya koma ga cewa gargajiya na tafiya da yardar jama'a, kimiyya kuwa da gasa tsakanin masu ra'ayi. Gyaran ya fi, amma bai isa ba. Gasa a Gaya ba ta da iyaka. Boka na kushe boka, malami na kushe su biyun. Sai dai gasar neman majinyata ce, ba wanda ke shimfiɗa hujjarsa gaban abokin takara don a tone ta.

Harshenmu ya riga mu gano wurin. Kalmar magani ba ta raba komai: allurar likita magani ce, layar ɗamara magani ce. Kalmar kimiyya ma, da muke taƙama da ita a jami'a, daga Larabci ta zo, kuma a da tana nufin sana'ar masu neman mai da dalma zinariya. Kalmar da ta yi rabon ita ce asiri. Da ita muke cewa abin ɓoye, da ita kuma muke cewa tsafi, kuma ba haɗari ba ne. Ƙarfin asiri yana cikin rufe shi. In ya tonu ya karye. Mai shi yakan ba ɗa ɗaya ko almajiri ɗaya, wani lokaci ya rage wani abu bai faɗa ba. Sani na kimiyya kuwa bai zama sani ba sai an tona shi, wani da ba ya ƙaunarka ya maimaita gwajin.

Mu ɗauki misali biyu na magani da ya ƙi ci. Ɗan tauri ya sha maganin ƙarfe, wuƙa ta yanke shi. Nan take amsa na nan: ya karya sharaɗi, ko mai wuƙar ya fi shi shiri. Ba wanda ke riƙe da lissafin mutum nawa suka sha, nawa ƙarfe ya ci. Waɗanda suka tsira su ake kirari da su.

Na biyu shi ne Nivaquine, wadda iyayenmu suka sani a kowane gida, balle a Gaya inda damina ta fi ta sauran Nijar nauyi, sauro kuma ya fi yawa. Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙwayar zazzaɓin ta fara jure mata a gabashin Afirka, a shekarun 1980 abin ya iso yamma. Kada mu yi wa likitoci ado: su ma da farko suna da irin amsar boka, cewa majinyaci bai sha daidai ba, ko jabu ya saya. Thomas Kuhn ya nuna tun 1962 cewa masana kimiyya ba sa sakin ra'ayi don gwaji ɗaya ya saɓa. Amma akwai littafi. Ana ba yara maganin a gaban ido, a bi su kwana 14 ko 28, a duba jini, a rubuta wanda ya warke da wanda bai warke ba, a buga kowa ya karanta. Da lissafin ya taru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2001 a koma ga haɗin magunguna masu artemisinin, Nijar ta bi cikin shekarun da suka biyo. Maganin da aka yarda da shi shekaru da dama ya sauka daga kujera, kuma waɗanda suka ɗora shi su suka sauke shi.

Abin lura, artemisinin ɗin daga ganye aka samo shi, ɗan'uwan tazargade, kuma Tu Youyou ta kai gare shi a 1972 bayan bin tsofaffin littattafan maganin Sin. Da an bar shi a bakin mutum ɗaya, da ya bi shi kabari.

Saboda haka muke ganin Horton ya nemi bambancin a wurin da ba ya nan, wato cikin kan mutane. Wanda ya sayi kafso a tasha don launinsa ja da rawaya ne, bai fi mai laya kimiyya ba, ko da ƙwayar daga masana'anta ta fito. Mai dafa gishiri a Fogha kuwa, da ke kankaro ƙasa, ya tace, ya ɗanɗana ruwan kafin ya ɗora a wuta, yana gyara aikinsa da abin da ya gani, kuma maƙwabcinsa na kallo. Mutum ɗaya na iya zama duka biyun kafin azahar.

A nan littafin da Paulin Hountondji na Benin ya jagoranta a 1994, Les savoirs endogènes, ya fi Horton amfani gare mu. Bai ce a yi wa sanin gida kirari ba, bai ce a zubar ba. Cewa ya yi a gwada shi a fili, a tace. Wahalar ita ce wadda littafin bai warware ba: bokan da muke roƙo ya faɗi sunan saiwarsa da yadda yake haɗa ta, muna roƙonsa ya ba da abin da yake ci da shi, kuma a idonsa ya karya maganin. Mu da muke zuwa da rakoda da littafin rubutu, sau da yawa abin da yake samu daga gare mu bai wuce goro da godiya a gindin shafi ba.