Wayar Kawu da jerin hatimai

Ƙarshen 2024 Kawuna ya kira ni daga Yola ta Karaye, wai wayarsa ta fara taurin kai: wasu shafukan intanet sun ƙi buɗuwa, sai gargaɗi da jan rubutu. Mai gyara ya duba kwanan wata, daidai yake, ya ce a sayi sabuwa. Alhali lafiyarta ƙalau, tsufa ne kawai, Android 6 ce.

Kowane shafi mai tsaro yakan nuna takardar shaida, kamar yadda baƙo ke nuna takarda mai hatimin dagaci. Ita kuma waya tana da jerin hatiman da ta amince da su, an dasa shi a cikinta tun daga masana'anta, kuma can yawancin manhajoji suke leƙawa. Let's Encrypt, mai ba miliyoyin shafuka takarda kyauta, hatiminta ba ya cikin wayoyin da ba su kai Android 7.1.1 ba. Ta yi shekaru tana raɓe da na IdenTrust, raɓen ya ƙare a 2024. Da na je na sa masa Firefox, mai tafiya da nata jerin, nan take shafuka suka buɗe. Ya ce, "To, da ma wannan ne za a raba ni da kuɗin taki?"

Masu harhaɗa tsarin kwamfuta sun fi son rumbun hatimai ɗaya ga kowa. Fedora, ɗaya daga cikinsu, ta bi wannan hanya tun 2013. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Da aka kutsa DigiNotar ta ƙasar Holan, mai ba shafuka takardar shaida, a 2011, aka buga takardun bogi da sunan Google don leƙen asirin mutanen Iran, sai da kowane mai jeri ya goge hatiminta daban. Da wuri ɗaya ne, shara ɗaya ta isa.

Amma rumbu ɗaya sai da mai zuba masa hatsi. A nan waya na hannu biyu muke saya, wa ya gama ya ba ƙane, kamfani kuwa ya daɗe da daina aiko mata gyara. Shi ya sa ban ga laifin Chrome ba da ta fara ɗaukar nata jerin a 2022, ko da wasu sun kira shi son mulki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancensu.

Android 14 ta zo a 2023 da sabunta jerin ta Google Play, ba sai an jira kamfanin waya ba. Madalla. Kawu dai ya ce sai bayan kaka zai duba farashin waya mai Android 14.