Masu Goge Ƙananan Bindigogi a Rumbun Makamai

Ɗan sanda kan karɓi ƙaramar bindiga ya rataya a ƙugu, hankalinsa kwance. Bai cika tuna wanda ya wuni yana goge ta ba. Wannan bawan Allah nake yi wa jinjina.

Kafin komai sai ya zare gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya ya leƙa, ya tabbatar babu ko ɗaya a ciki, ko da shi ya sauke ta da hannunsa. Sannan ya warware ta a kan ƙyalle. Buroshinsa na tagulla ne, don ya fi ƙarfen bututun laushi, yana kankare dauɗar albarushi ba tare da ya ƙarje shi ba. Ta baya yake zura shi ya fito ta baki, domin bakin in ya samu tabo, saiti ya lalace. Tsumma bayan tsumma, har sai na ƙarshe ya fito fari tas.

Wajen mai kuwa a nan ake gane gwani. Ko man Ballistol ne, wanda aka haɗa a Jamus a 1904, ɗigo kaɗan yake sawa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ramin allurar da ke dukan harsashi kuma ya bar shi a bushe. Ya san ƙurar hunturu: ta tarar da mai ya yi yawa, sai ta cakuɗe da shi, bindiga ta cije. Da damina kuma tsatsa yake farauta, har wadda gumin hannu ke haifarwa.