Ganɗoki, Ga Masu Son Labarin Aljannu

Matasan Kazaure da Roni da ke sauraron littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini a waya sukan tambaye ni me za su karanta gaba. Amsata ba ta canzawa: ku nemi Ganɗoki na Malam Bello Kagara.

Littafin ya fito a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam ma ya yi nasara a cikinta. Ina son Ruwan Bagaja, kuma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe har gobe yana sa ni dariya. Amma Ganɗoki ne ya fi zama mini a rai.

Abin da ya kama ni shi ne inda labarin ya kafa ƙafarsa. Da yaƙin gaske ya soma, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, lokacin da Turawa suka far wa Kwantagora a 1901. Sai da Malam Bello ya sa mai karatu ya ji sukuwar dawaki da zafin shan kashi, sannan ya ɗauke jaruminsa Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ya jefa su duniyar aljannu da dodanni. Nasarar da takobi ya kasa samu gaban bindiga, can ya same ta. A ganina wannan ne ya ba sihirin littafin nauyi, domin a ƙarƙashin kowace bajinta akwai ciwon mutumin da aka ci ƙasarsa.

Ga kuma harshe. Kirari yana bin kirari, jimla tana tafe kamar kiɗan tambari, har sai ka ji bakinka na son furta ta. A karanta shi da ƙarfi, cikin mutane, bayan sallar isha'i.

Ba zan ɓoye inda ya raunana ba. A kashi na biyu yaƙoƙin suna kama da juna, kuma tun kafin a zare takobi ka san wanda zai yi rinjaye. Ƙarshen ma, inda Ganɗoki ya dawo gida yana yaba ci gaban da Turawa suka kawo, bai zauna daidai da zafin farkon ba, kodayake na san a hannun hukumar Turawan aka buga littafin.

Wanda ya gama shi, ya wuce Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sannan Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda tafiyar ta koma sararin samaniya.