Ɗan Sanda da Doka a Ƙagaggun Labaranmu

A 'yan watannin nan wasu matasan marubuta daga Kebbe da Tambuwal sun kawo mana labarai guda uku da ba a kai ga bugawa ba, domin mu duba mu ba su shawara. Jigoginsu sun sha bamban, ɗaya soyayya, ɗaya kasuwanci, ɗaya kuma satar shanu, amma dukkansu sun haɗu a ƙofa ɗaya, wato ƙofar caji ofis. Wannan ne ya sa muka ga dacewar yin wannan ɗan tarke, don amfanin sauran 'yan ƙungiya.

A labari na farko, saurayi ya yi faɗa ya gudu, sai aka kama tsohon mahaifinsa aka ce ba za a sake shi ba sai ɗan ya kawo kansa. A na biyu, an kulle ɗan kasuwa mako guda saboda bashin buhunan gero. A na uku kuwa, mace ta je belin mijinta aka kore ta, wai mace ba ta tsayawa wa mutum. Gaskiya marubutan sun yi ƙoƙari wajen siffantawa, har mai karatu ya ji zafin ɗakin da warinsa, ya ga akuyar da aka kai kasuwa don a sami abin da za a miƙa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a cikin labaran nan uku babu mutum ɗaya, ko tauraro ko malamin makaranta ko shi kansa mai ba da labarin, da ya san cewa abin da aka yi ya saɓa wa doka. Kowa sai ya ce haƙuri, a wuce wurin. Ashe ke nan marubucin ya nuna zalunci, sannan ba da saninsa ba ya koya wa mai karatu cewa haka abin yake, haka kuma zai ci gaba.

Alhali kuwa an gyara doka. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar gudanar da shari'ar laifuffuka, wadda majalisar tarayya ta zartar lokacin da wakilin mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, yake Kakakin Majalisar Wakilai. Sashe na 7 ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, sashe na 8 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 167 kuma ya ce ba za a hana mace tsayawa beli ba don tana mace. Jihar Sakkwato ta yi tata irin wannan doka a 2019. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1943, ita ma ta sake jaddada haramcin kamun madadi. Tun kafin waɗannan, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu.

Wani zai ce ai marubuci ba lauya ba ne, kuma abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa daban. Mun yarda. Amma wannan tazarar ita ce ainihin labarin da marubutanmu suka bari ya kuɓuce musu. A ce 'yar tsohon nan ɗalibar sakandare ce, ta ji labarin dokar a rediyo, ta tsaya gaban kanta muryarta na rawa ta faɗa. Za a saurare ta? Dangi za su mara mata baya ko za su ce ta jawo musu? Shi kurtun da ke bakin aiki, wanda wataƙila bai taɓa ganin dokar da idonsa ba, me zai ji a ransa? Nan ne rikici yake, nan ne kuma taurari za su zama mutane. Ba muna nufin a mai da littafi lacca ba, domin labarin da ya cika da jero sassan doka ba wanda zai kai ƙarshensa.

Shawararmu ga 'yan uwa ita ce, kafin ka sa tauraronka a bayan kanta, nemi dokar ka karanta, ka zauna a kotun majistare ko kotun shari'a ko da yini ɗaya ne, ka ji yadda ake magana. Ita kuma ƙungiya, ya kamata ta rubuta wa Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato da Ma'aikatar Shari'a ta nemi a wadata jama'a da waɗannan dokoki cikin Hausa, da boko da ajami, a kuma riƙa bin diddigin aiki da su. Dokar da manomin Kuchi bai taɓa jin labarinta ba, ba za ta hana shi sayar da akuyarsa ba.

Mun mayar wa matasan nan uku da rubutunsu, muna kuma jiran gyaran da za su yi. Allah ya ƙara basira, amin.