Afrique Victime: faifan da aka haɗa bisa hanya

Hutun da ya wuce na koma gida Madarunfa da faifan Mdou Moctar, Afrique Victime, cikin waya. Daren farko na kunna shi a fada, shayi na bisa wuta. Ba a kai waƙa ta uku ba gardama ta ɓarke. Wani abokina ya ce, "Kai malam, wannan ai hayaniya ce. Ina Mdou ɗin Anar?" Na kusa da shi kuwa cewa ya yi a ƙara murya.

Anar da yake kewa shi ne faifan farko na Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen yankin Tawa da duniya ta sani da Mdou Moctar. A Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Shi ya sa kunnenmu ya karɓe shi kamar ɗan gida. Afrique Victime kuma ya fito a watan Mayun 2021 a kamfanin Matador na Amurka, waƙoƙi tara, kuma ba a zama ɗaya aka yi shi ba. Lokacin da ƙungiyar ke yawon wasa a 2019 aka riƙa ɗaukarsa gutsure-gutsure: wani a sutudiyo, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandali, wani a fili nan Nijar. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa musu jitar bas, shi ya harhaɗa.

Irin wannan aiki kan raba kan masu sharhi. Da Damon Albarn na Gorillaz ya haɗa The Fall da iPad a rangadin Amurka na 2010, wasu sun yaba ƙarfin halin, wasu suka ɗauke shi tarkacen gwaji da bai nuna ba. Mdou bai sha wannan dukan ba. Jaridun Turai da Amurka yabo suka yi ta yi, suna jera shi da Jimi Hendrix. A tabarmarmu ne ra'ayi ya rabu.

Ni dai ɗinkin da ake gani a jikin faifan bai dame ni ba, shi ne ma daɗinsa. Waƙar farko, "Chismiten", da takun ƙafa da carar zakara take buɗewa kafin jita ta shigo da gudu. "Tala Tannam" kuma a hankali take tafiya, muryoyi na amsa wa juna, kamar hirar dare a tsakar gida. Da a ɗaki ɗaya aka goge komai sumul, da wannan ya ɓace.

Inda na ba abokina gaskiya shi ne wajen magana. Mutumin da ke wasa dare bayan dare gaban jama'ar da ba ta jin Tamajak, dole ya koyi yi musu zance da yatsu. Sai jita ta karɓe aikin harshe. A waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, wadda ke kukan abin da mulkin mallaka da magadansa suka yi wa Afirka, kalmomin na gama wucewa kiɗan ya haɗiye sauran mintocin. Mai sharhi a Landan nan ne yake tafi. Mu kuwa da muka tashi da Shata, mun saba kalangu ya dakata wa baki, a faɗi magana ta zauna, sannan ƴan amshi su ɗauka.

Amma fa kada mu cika baki. A fadar nan tamu ba mai jin Tamajak, har ni mai karatun kimiyyar harshe. Anar ma ba kalmominsa muka fahimta ba, rigar finafinan Kano da ya sanyo muka gane. Wato mu da Baturen duk sauti muke yanke wa hukunci, kowa da abin da kunnensa ya saba, alhali harshen ƴan ƙasarmu ne, ana magana da shi daga Abalak har Agadas. Wannan ya fi hayaniyar jitar ci mini rai.

Da za mu watse, mai cewa hayaniya ce ya miƙo wayarsa. "Tura mini ta zakaran nan da mai sanyin. Sauran ka riƙe abinka."